Birnin laka na Chan Chan da sauran abun da na gani a Peru

Tunda na dawo duk wanda yaji cewa naje Peru tambayarsa ɗaya ce, kaje Machu Picchu, tsohon garin nan na dutse da ke kan tsauni? Eh naje, kuma zan faɗi abun da na gani a can ɗin, amma gaskiya ba shine yasa na zauna ina wannan dogon rubutun ba. Abun da ya tsaya min a rai yana can arewacin ƙasar a bakin teku, wani tsohon birni ne mai suna Chan Chan da aka gina shi kacokan da laka, wanda ko a cikin masu yawon buɗe ido 'yan kaɗan ne suke ɗaukar wahalar zuwa ganinsa.

Aiki ne ya kaini Lima babban birnin ƙasar, wani taro akan harkar ban ruwa da noman rani wanda dama shine fannina, da aka tashi daga taron sai nace tunda Allah ya kawo ni wannan uwa duniyar ai bazan koma gida ban ga komai ba sai ɗakin taro da otal. Na fara da inda kowa yake farawa, wato Kusko, tsohon babban birnin daular Inka.

Daga Lima zuwa Kusko awa ɗaya da 'yan mintuna ne a jirgin sama, amma ka tashi daga bakin teku ka sauka a tudu mai mita 3,400, jikinka da kansa zai gaya maka. Kai yana sarawa, numfashi baya isa, ka hau matakala kaɗan sai ka dafa bango. Su suna ce ma abun soroche, a masauki aka bani shayin ganyen koka akace in kwanta kar inyi gaggawar fita, kuma shawarar tayi amfani domin washegari na samu sauƙi sosai.

Ginin dutsen Inka kam sai wanda ya gani da idonsa. Akwai wani ɗan siririn lungu da ake kira Hatun Rumiyoc inda wani dutse mai kusurwa 12 yake zaune a tsakiyar katanga, kowace kusurwa ta shige cikin dutsen da ke maƙwabtaka da ita daram, babu siminti babu laka, ko reza baza ta shiga tsakaninsu ba. Ba a yarda a taɓa shi, don haka na sunkuya na ƙura ido, sai naga fuskar dutsen duk ɗigo-ɗigon sara ce, a tsakiya manya-manya, in ka matso gefe inda zai haɗu da ɗan uwansa sai saran ya koma ƙanana sosai. Mutanen nan basu da baƙin ƙarfe, da wani dutsen mai tauri suke dukan dutse, a gwada a ɗaga a ƙara duka a sake gwadawa har sai ya zauna. Katangun sun ɗan karkata ciki, ƙofofin kuma ƙasansu ya fi samansu faɗi, shi yasa girgizar ƙasar 1650 da ta 1950 suka yi wa cocin Santo Domingo da Sifaniyawa suka ɗora akan haikalin Korikancha illa sosai, amma katangar Inka da ke ƙasansa tana nan yanda take. A Saksaywaman, wani katafaren ginin Inka da ke saman gari, kuma akwai duwatsun da nauyinsu ya haura tan 100.

A nan Saksaywaman ɗin ne raina ya ɓaci da naji wani cikin masu yawon yana gaya ma abokan tafiyarsa wai ba mutane bane suka yi wannan aikin, wai wasu halittu ne daga sararin samaniya. Haba jama'a! Ga wuraren da aka fasa dutsen nan ana gani, ga duwatsun da aka jawo aka bari a hanya basu ƙarasa ba a Ollantaytambo, ga tsarin aikin gayya na dole da ake kira mita wanda kowane gari yake tura mazansa suyi wa sarki aiki, sannan ga jikokin maginan nan suna magana da harshen Kecuwa suna sayar da dankali da masara a kasuwar San Pedro. Raini ne kawai, mutum ya kasa yarda cewa wanda ba irinsa ba zai iya abun mamaki.

Machu Picchu kuwa sai ka hau jirgin ƙasa daga Ollantaytambo ka bi gefen kogin Urubamba har wani ɗan gari da ake kira Aguas Calientes, daga nan bas ta ɗauke ka tayi ta lanƙwasa tana hawa. Tikitin yana da lokaci kuma yana da hanyar da aka zana maka wadda baza ka kauce mata ba, sai ka nuna fasfo, kuma kuɗin ba kaɗan bane in ka haɗa da na jirgin. Wurin yana da kyau wallahi, gajimare yana yawo a ƙasanka, tsaunuka kore shar, babu mai musun wannan. An gina shi wajajen 1450 a zamanin sarki Pachakuti, a tudu mai mita 2,430. Ana yawan cewa Ba'amurke Hiram Bingham ne ya gano shi ranar 24 ga Yuli 1911, alhali wani manomin yankin Melchor Arteaga ne ya hau dashi, kuma ya tarar da iyalai suna noma a cikin kangon, har ma ya ga sunan wani Agustín Lizárraga an rubuta a bango da shekarar 1902.

Ni da yake idona na ma'aikacin ruwa ne, yayin da mutane suke layin ɗaukar hoto ni magudanar ruwa nake bi. Ana samun ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara a wurin, ga gangare, ga ƙasa mai zaftarewa, to yaya akayi gari ya zauna a kan wannan tsauni shekara ɗari biyar da ɗoriya bai zame ba? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarka. Injiniyan ruwa Kenneth Wright da yayi shekaru yana nazarin wurin ya kiyasta cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na aikin yana binne ne a ƙasa, kowace gona da aka yanka a jikin dutse an jera mata manyan duwatsu a ƙasa, sai tsakuwa, sai yashi, sannan ƙasar noma a sama, ruwa ya tsiyaye a hankali bai tunkuɗe katanga ba. Ruwan sha kuma daga wani marmaro aka jawo shi ta siririyar kwata ta dutse mai tsawon mita 749, ya sauka ta maɓuɓɓuga 16 ɗaya bayan ɗaya, ta farko a ƙofar gidan sarki. Na tsaya a ɗaya daga ciki, an sassaƙa bakinta yanda ruwan zai fito a dunƙule ya faɗa cikin tulu ba tare da ya fantsama ba, kuma har yau yana zuba.

Sai dai ga wani abu da mutane da yawa basu sani ba. Daular Inka a matsayin babbar daula bata cika shekara ɗari ba, daga hawan Pachakuti a 1438 zuwa ranar 16 ga Nuwamba 1532 da Francisco Pizarro da mutanensa 168 suka kama sarki Atawalpa a Kahamarka. Inka su ne 'yan autan gidan, sun zo sun tarar da hanyoyi da gonaki da kanal-kanal da wasu al'ummu suka yi dubban shekaru suna ginawa. A kwarin Supe arewa da Lima akwai Karal, birnin da masaniyar tarihi Ruth Shady ta fara bincike a kansa a 1994, wanda aka tabbatar ana gine-gine a cikinsa tun wajajen shekara 2600 kafin miladiyya, lokacin ko tukunya basu fara ginawa ba, auduga suke nomawa suna musayarta da kifin masunta. Wannan ne yasa na dawo Lima na hau bas ɗin dare mai hawa biyu na nufi Trujillo, garin da Chan Chan take a gefensa, tafiyar kimanin kilomita 560.

Gari ya waye min a cikin hamada. Wannan gaɓar tekun ta Peru kusan ba a ruwan sama a cikinta, saboda ruwan tekun mai sanyi ne, hazo kawai yake kawowa da ɗan yayyafin da ko ƙura baya kwantarwa. Hagu teku, dama tsaunuka tsirara babu ko ciyawa, sai can ka faɗa wani kwari kore shar da rake da masara inda kogi ya gangaro daga tsaunin Andes, ka wuce shi ka sake komawa cikin yashi. Duk wanda ya taɓa rayuwa a nan da ruwan kogin da ya iya jawowa ya rayu.

Na fara da wasu manyan gine-ginen tubali guda biyu, Huaca del Sol da Huaca de la Luna, a wajen Trujillo, aikin mutanen Moche da suka yi zamani tsakanin wajajen shekara ta 100 zuwa ta 800 miladiyya. Daga nesa Huaca del Sol tsauni zaka ɗauka, sai ka matso kaga ashe tubali ne aka jera, an kiyasta fiye da miliyan 130, kuma abun da ya rage yau ma ya haura mita 40 a tsaye. Nace abun da ya rage domin a 1602 masu neman zinariya na zamanin mulkin Sifaniya suka karkato kogin Moche suka sake shi a gindin ginin don ya wanke musu dukiyar da ke ciki, kusan kashi biyu cikin uku ya tafi a ruwa. Na jima ina kallon ɓangaren da kogin ya cinye, kaga cikin ginin a buɗe layi-layi, aikin ƙarni da ƙarni aka narkar saboda kwaɗayi.

Jagorarmu wata mata ce 'yar yankin, ta nuna min wani tubali da aka ajiye a gefe. Mai kusurwa huɗu ne, da ma'auni aka buga shi, har ana ganin shatin karan da akayi ma'aunin dashi a gefensa, a samansa kuma akwai alama da aka dangwala tun yana ɗanye. Tace an samu alamomi daban-daban sama da 100, wani ɗigo, wani layi, wani shatin hannu ko na ƙafa, kuma ginin kansa sashi-sashi akayi shi, kowane sashi da irin tubalinsa, don haka masana suke ganin kowane ƙauye ko dangi yana kawo nasa kason ne ya sa alamarsa don a san ya sauke nauyin da ke kansa. Na sa yatsana kusa da ramin da yatsan wani ya bari shekara dubu da ɗari biyar da suka wuce, girman kusan ɗaya ne. Ba a san sunansa ba kuma baza a taɓa sani ba tunda basu bar rubutu ba, amma ga shaidar cewa yazo yayi aikinsa.

Huaca de la Luna ita ce aka buɗe wa baƙi, tana gindin wani farin tsauni Cerro Blanco, kuma a 1991 aka fara haƙarta ƙarƙashin Santiago Uceda da Ricardo Morales. Abun mamakinta launi ne. Al'adarsu ita ce in zamani ya juya basa rushe tsohon haikali, sai su cike shi da tubali su rufe shi ruf su gina sabo mafi girma a kansa, aƙalla hawa biyar haka, to wannan binnewar ce ta adana fentin, ja da rawaya da fari da baƙi suna nan raɗau kamar bara aka shafa. Fuskar abun bautarsu Ai Apaec tana ko'ina, idanu a zazzare da fiƙoƙi a waje. A babban bangon arewa kuma zane ne hawa-hawa, na ƙasa mayaƙa ne suna jan fursunoni tsirara da igiya a wuya, sama dasu mutane riƙe da hannun juna, sama kuma gizo-gizo. Ba zane bane kawai, a bayan haikalin an tono ƙasusuwan gomman samari da aka yanka, wasu a kwance cikin taɓon da ruwan sama ya kawo. Riƙe wannan maganar ta taɓo, zamu sake haɗuwa da ita.

Chan Chan tana tsakanin Trujillo da garin masunta na Huanchaco, kilomita biyar kacal daga tsakiyar gari, titin mota ma ta cikinta ya ratsa, kana cikin bas kana ganin ragowar katangu hagu da dama kamar ba komai ba. Ita ce hedikwatar daular Chimu da ta biyo bayan Moche, an fara ta wajajen shekara ta 850, a ganiyarta ta mamaye murabba'in kilomita 20 da mutane aƙalla dubu 30, babu birnin laka da ya kaita girma a duk nahiyar Amurka. A tsakiyarta akwai manyan fadoji tara kowacce da ganuwarta, ɗaya ce aka gyara wa baƙi, Nik An.

Ƙofa ɗaya tal ce da fadar, 'yar ƙarama a bangon arewa, kana shiga iskar teku ta yanke, ƙarar motoci ta ɗauke, sai kai da katanga mai tsawon mita goma ko fiye. Na ɗaga kai na kalle ta, gindi mai kauri akan harsashin dutse, tana sirancewa tana hawa, launinta launin ƙasar da kake takawa. Ni ɗan Kano ne, na tashi ina wuce ganuwa kullum, kuma wallahi a wannan lokacin ban ji ni baƙo bane, irin kaurin nan ne, irin sanyin inuwar nan ne, irin yanda ruwa yake tsaga mata kwari a jiki in an bar ta babu yaɓe. Lokacin da Sarki Gijimasu ya fara ganuwar Kano a ƙarni na 12 maginan Chan Chan suna kan nasu aikin a ɗaya gefen duniya, babu wanda ya san da wani, kowa ya duba ƙasar da ke gabansa ya kwaɓa ta ya tada birni. Abun da ya sosa min rai shine ganin yanda anan aka kafa rumfuna akan katanga ana lallaɓa ta, alhali tamu ana yankarta ana ɗibar ƙasarta ana kafa shaguna.

Daga ƙofar sai ka faɗa wani makeken fili na taro, daga nan siririn lungu mai tsawo wanda bangonsa duk kifaye ne da aka fito dasu da laka, suna tafiya a jere suna hawa suna sauka kamar akan matakala, ƙasansu layin kwasakwasa, samansu layuka a miƙe kamar igiyar ruwa. Jagoran da na ɗauka anan, wani dattijo mai hular kaba, ya tsayar dani a daidai inda kifayen suka juya suka fuskanci ɗaya ɓangaren, yace a fahimtarsu wannan ruwa biyu ne na tekunsu, mai sanyi da ke tasowa daga kudu ya kawo kifi, da mai ɗumi da ke gangarowa daga arewa ya kore su. Gaba kaɗan kuma ɗakuna ne ƙanana da bangonsu akayi shi huda-huda kamar ragar kamun kifi, kyau ne kuma hanyar iska ce. A cikinsu akwai wasu 'yan gine-gine masu siffar kofaton doki da aka yi wa alkuki a jiki, ana ganin nan jami'ai suke zama suna karɓar kaya suna lissafi, domin duk hanyar da zata kaika rumbunan ajiya sai ta bi ta gabansu, kuma rumbunan ɗaruruwa ne a jere. Lungunan da gangan aka murɗa su, baƙo bazai taɓa sanin inda ya dosa ba, ni kaina da babu dattijon nan da kibiyoyin da aka kafa da na daɗe ina zagaye.

Talakawa basa cikin ganuwar nan. Maƙera da masaƙa da sauran masu sana'a a waje suke cikin ƙananan ɗakuna na kara da yaɓe a cunkushe, su ne suka yi ta ƙera zinariya da azurfar da sunan Chimu ya fita dasu. Ita fadar ta sarki ce shi kaɗai, a can ƙarshenta akwai dandamalin kabarinsa, kuma bayanin da masana da yawa suka fi karkata gare shi shine in sarki ya mutu fadarsa ta zama hubbarensa, danginsa su cigaba da riƙe ta da dukiyarta, magajinsa kuma sai ya gina tasa daga tushe ya nemo tasa dukiyar. In haka ne kaga dalilin da yasa fadojin suka yi yawa, kuma kaga dalilin da yasa daular take ta cin ƙasa gaba.

Wurin da na fi daɗewa shine wani babban tafki a tsakiyar fadar da suke kira huachaque. Kana tafe cikin busasshiyar laka kwatsam sai ga ruwa, ga ciyawar totora kore, ga agwagin ruwa suna iyo. Ba ruwan sama bane, haƙa akayi har aka tarar da ruwan ƙasa, kuma ruwan ƙasan nan ba haka kawai yake ba, gonakin da suke shayarwa a saman birnin ta kanal daga kogin Moche su ne suke tsiyayo shi ya taru a ƙarƙashin gari. Ma'ana rijiyar sarki tana rataye ne da aikin manomi. Da ruwan Moche ya kasa isarsu har wata kanal suka haƙa mai tsawon kusan kilomita 80 don jawo ruwan kogin Chicama daga kwarin da ke maƙwabtaka, masana har yau suna gardama ko ruwa ya taɓa bin ta har ƙarshe, amma ko a yau aka baka wannan kwangilar da injuna sai ka yi gumi. Wajajen 1470 rundunar Inka ƙarƙashin Tupak Yupanki ta ci daular, aka tafi da sarkinsu Minchancaman Kusko tare da ƙwararrun maƙeransa, birnin ya fara mutuwa tun kafin Sifaniyawa su kafa Trujillo a 1534. Su kuma da suka zo sai suka ɗauki kaburburan a matsayin ma'adinai, har kamfanoni ake kafawa da izinin hukuma don a haƙe su.

Da yamma na ƙarasa Huanchaco naci kifi, tunda a tafiyar nan kifi da dankali da masara su ne abincina saboda maganar yanka. Ceviche suke ce masa, ɗanyen kifi ne da aka jiƙa a ruwan lemun tsami da albasa da barkono, da farko na ɗan ja baya amma yana da daɗi. A bakin ruwan an jingine ƙananan kwale-kwale na ciyawar totora a tsaye suna tsanewa, gabansu a lanƙwashe sama, masunci yana durƙusawa a kai ne ya tuƙa da tsagin gora, kuma irinsu sak aka zana a jikin tukwanen Moche.

Kusa da nan ne, a wata unguwa da ake kira Huanchaquito, mazauna suka fara ganin ƙasusuwa suna fitowa daga yashi. Gabriel Prieto da John Verano suka haƙa wurin, aka bayyana sakamakon a 2018, yara kusan 140 'yan shekara 5 zuwa 14, da 'ya'yan lama kusan 200, dabbar nan tasu mai kama da ƙaramin raƙumi mara tozo, duk an tsaga musu ƙirji, a wajajen 1450. An binne yaran suna fuskantar teku, dabbobin suna fuskantar tsauni, kuma a wurin akwai shimfiɗar busasshen taɓo da ta riƙe sawun ƙafafu, na manya masu takalmi da na yara marasa takalmi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Taɓo a ƙasar da ba a ruwa yana nufin shekarar El Niño ce, lokacin da teku ke ɗumama kifi ya gudu, sama ta ɓalle, kanal su fashe, gonaki su tafi, gidajen laka su narke. Ban ga wata hanyar wanke wannan aika-aikar ba kuma bazan nema ba, yara ne, iyaye ne suka haife su. Amma na fahimci girman tsoron da yake sa masu mulki su kai ga haka, mutanen da suka iya sarrafa ruwa fiye da kowa a zamaninsu sai ga ruwan da babu dabarar da zata tare shi.

Ruwan nan har yau shine babban abokin gabar Chan Chan. A 1986 UNESCO ta saka ta cikin wuraren tarihi na duniya, kuma a shekarar ce dai ta saka ta cikin waɗanda ke cikin haɗari. Ruwan 1982 zuwa 1983, da na 1997 zuwa 1998, da na 2017 duk sun taɓa yankin. Shi yasa zaka ga rumfuna akan zanen, wasu zanen ma na asalin an rufe su an sa kwafi a sama, wasu kuma ana ƙarfafa su da tataccen ruwa da aka haɗa da ruwan murtsunguwa. Na tarar da ma'aikata maza da mata a gindin wata katanga da bokitai da baro, suna cike tsaga da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da hannu, a hankali, wani yana shafe saman bango yana karkata shi don in ruwa ya sauka ya gangare kar ya kwanta.

Amma abun da yafi damuna a matsayina na mai wannan sana'ar daga ƙasa yake tasowa. Akwai wani katafaren aikin ban ruwa na zamani da ake kira Chavimochic, wanda ya jawo ruwan kogin Santa zuwa kwarurukan Chao da Virú da Moche, ya mayar da hamada gonakin afokado da sauran kayan lambu da ake fitarwa ƙasashen waje, dubban mutane suna ci daga gare shi kuma ni bazan zage shi ba domin irin aikin da nake yi kenan. Sai dai ruwan da ake zubawa a sama ya ɗaga ruwan ƙasa a ƙarƙashin Chan Chan, danshi yana hawa gindin katangu ɗauke da gishiri, rana ta busar dashi gishirin ya kumbura ya marmashe tubalin. Dattijon ya nuna min gindin wata katanga a wajen fadar, wani fari-fari ya fito mata kamar kanwa, ƙasan ya zaizaye ya shige ciki saman yana rataye, yace irin wannan ba sai anyi ruwan sama ba wata rana zata kife da kanta. An haƙa magudanu don janye ruwan zuwa teku kuma sun taimaka, amma magudana sai ana yashe ta, ciyawa tana toshe ta, ga masu noma da suka shigo cikin iyakar wurin, ga masu zubar da shara da ɓaraguzan gini a gefe.

Wanda Allah ya nufa da zuwa, daga Lima akwai jirgin sama zuwa Trujillo in baka son zaman bas na dare, kuma kuɗin shiga Chan Chan bai kama ƙafar na Machu Picchu ba, tikitin ma ya haɗa da gidan tarihin wurin da wasu ƙananan haikalai biyu a cikin gari, Huaca Esmeralda da Huaca Arco Iris. Ka fita da safe kafin rana ta take domin inuwa kaɗan ce, ka riƙe ruwan sha da hula, kuma ka ɗauki jagora a ƙofa ko da kuwa Sifaniyancinka bai taka kara ya karya ba, akwai masu jin Turanci a cikinsu. In ka samu hali ka ƙara gaba zuwa El Brujo a kwarin Chicama inda aka tono gawar wata shugaba mace ta Moche, Señora de Cao, da zanen macizai da gizo-gizo a fatar hannunta, motocin zuwa can daga Trujillo suke tashi.